Ruwan ayonaiz haɗin gida, inda aka kwana

3 ga Fabrairu

To yau dai kayan haɗa ƙaramin injin ruwan ayonaiz, wato ruwan da ake ratsa shi da wutar lantarki, sun haɗu an fara. Abun da ke gabana yanzu: kwalbar gilashi mai faɗin baki da ke cin lita guda da ɗan ɗoriya, tsohuwar cajar laftof mai bolt 19, waya ja da baƙa masu ɗan maƙali a baki, cokulan silba da na roƙo a kicin, mitar pH mai auna ko ruwa asid ne ko alkalin (7 ne tsakiya, ƙasa da haka asid, sama da haka alkalin) irin mai kama da biro ɗin nan ta masu kiwon kifi, sai mitar TDS mai auna yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa. Mitocin a Sabon Gari na samo wajen masu kayan lab, haɗe da ƴan fakitin garin da ake saita ta da su.

Abun da ya jawo aikin, Kawu ne ke fama da olsa shekara da shekaru, sai wani ya kai masa tallan injin ruwa ɗan Japan wai ruwan alkalin yake fitarwa, wai yana maganin olsa da suga da hawan jini har da ciwon kansa ma, kuɗin kuma miliyoyi ake faɗa ba wasa ba. Kawu ya kira ni yace kai da kayi bokon nan duba min abun nan, nace Kawu a ɗan saurara kar a biya ko sisi tukuna, bari in haɗa irinsa ƙarami a gida mu ga me yake yi wa ruwa.

Cikin injin ba wani sihiri bane. Ƴan farantan ƙarfe ne na titaniyom da aka shafe da filatinom, a tura musu wutar DC, a tsakaninsu kuma a saka wani siririn shamaki da ke barin gishirin cikin ruwa ya ratsa amma baya barin ruwan ɓangarorin biyu ya cakuɗe. Wajen negetif ruwa na tsagewa ya saki iskar haidurojin, abun da ya bari a baya ya mayar da ruwan alkalin, wajen fositif kuma oksijin ke fita ruwan ya koma asid, shi yasa injin ke da bakin zubar ruwa biyu. Kuma gaskiya ne a Japan ma'aikatar lafiyarsu ta amince da irin injinan nan tun 1965 a matsayin kayan lafiya na gida, amma don ƙananan matsalolin ciki ne, irin su rashin narkewar abinci da yawan asid da gudawar da ta daɗe. Suga da kansa ba sa cikin lissafin.

5 ga Fabrairu

Yau ban kunna wuta ba ko kaɗan, awo kawai nayi. Mitar pH in ba a saita ta ba duk lambar da ta baka shirme ce, don haka na narka garin nan uku, na 4.01 da na 6.86 da na 9.18, kowanne cikin ruwan batir mil 250, ruwan batir fa nake nufi farin wanda ake ƙara wa batir ba asid ɗin ba, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗauraye bakin mitar a tsakani.

Ga abun da na samu. Ruwan batir TDS ɗinsa kusan babu, pH kuma lambar yawo take ta yi ta ƙi tsayawa, haka ruwan da ba komai a cikinsa yake yi wa ƙananan mitoci. Fiya wata TDS wajen 40, pH ƙasa da 7 kaɗan. Ruwan boholinmu TDS ya ɗan haura 250, pH 7.1. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, ta sa pH tsakanin 6.5 zuwa 8.5, TDS kuma kar ya wuce 500, kenan duka biyun suna cikin layi ta wannan fuskar. Ta wannan fuskar kawai, don mitocin nan ba sa ganin ƙwayar cuta, TDS ma wutar da ruwa ke iya ɗauka take aunawa ta juya maka ita zuwa lamba.

Wani abu da ya bani dariya, na auna ruwan boholin da maman yara ta tafasa ya huce a fulas, sai ga shi ya haura 8. Tafasa na korar iskar kabon dayoksaid da ke narke a ciki, ita ce ke riƙe pH a ƙasa. Ashe duk gidan da ake tafasa ruwan bohol an daɗe ana shan ɗan alkalin kyauta.

8 ga Fabrairu

Gwajin farko da wuta, cokali biyu a kwalba ɗaya ba shamaki. Kumfa ta fara fita nan take, wajen baƙar waya, wato negetif, ta fi yawa sosai, daidai da lissafi tunda haidurojin ninkin oksijin ne a ruwa. In ka kai mita kusa da cokalin negetif lamba ta tashi, ka kai ta ɗaya gefen ta faɗi, ka juya ruwan da tsinke komai ya koma inda yake. Shamakin nan shi ne injin gaba ɗaya.

Na ware wani kofi daban na bar cokalin silba a fositif ya daɗe don in gani da idona abun da ake gargaɗi a kai. Ruwan ya soma yin ɗorawa ɗorawa, bakin cokalin ya yi ƴan ramuka. Silba irin wannan akwai kuromiyom a cikinta, in ta zauna a fositif wuta na cinye ta, kuma nau'in kuromiyom ɗin da ke iya fita guba ne na gaske, don haka duk mai son gwadawa kar ya kuskura ya sa silba ko jan ƙarfe ko alminiyom a jar waya, wato fositif. A negetif silba ba ta da matsala, can wuta ba ta cin ƙarfe.

Wannan ne ma sirrin ƴar na'urar nan mai sanduna huɗu da wasu masu tallan filta ke tsomawa a kofi, ruwa ya koma ja ko baƙi su ce kun ga dattin da kuke sha. Sandar ƙarfen ce ke narkewa. Ruwan da ke da ma'adinai ya fi ɗaukar wuta sai ta fi saurin narkewa, ruwan filtarsu da ba komai a ciki baya ɗauka sai ya tsaya fari.

Kuma don Allah wutar soket kai tsaye ba ta shiga wannan aikin, caja ko batirin sola kawai.

12 ga Fabrairu

An samu shamaki. Na so in yi da auduga a cikin tiyo tsakanin kwalabe biyu amma wuta da ƙyar take ratsawa, sai tunanin tukunyar ƙasa ya zo min, ƴar ƙarama wadda ba a shafa mata komai ba, tunda randa ma ta ƙananan kofofin jikinta take tsatsar da ruwa. Ba sabon abu bane ma, tsofaffin batura na ƙarni na 19 da tukunyar yumɓu suke raba ruwansu biyu. Na jiƙa ta kwana biyu ina canza ruwa har sai da ruwan jiƙon ya daina canza lamba a mita, don sabuwar tukunya da kanta tana sakin toka da gishiri, in ba ka wanke ba sai ka ɗauka wutarka ce tayi aiki.

Tsarin yanzu: tukunya a tsakiyar kwalba da ruwa a cikinta, sandar gawayi a ciki an maƙala mata jar waya, cokalin silba a waje cikin ruwan kwalba da baƙar waya. Sandar daga tsohon batirin tocilan na ciro ta, irin manyan nan na da, na kankare na dafa ta. Wannan don awo ne kawai ba wanda zai sha, baƙin garin da ke kewaye da ita a batir ba abun kai wa baki bane.

Na sa mitar masu gyaran rediyo a layi, da ruwan bohol wutar da ke wucewa wajen miliam 40 ce. Bayan rabin awa ruwan waje ya kai 8.6, bayan awa guda 9.5, na cikin tukunya kuma ya sauka ƙasa da 4 tunda shi kaɗan ne. Alhamdulillahi abu yayi. Yarana sun tsaya a kaina suna kallon kumfa, babban yace Abba ruwan tafasa yake, nace taɓa kwalbar ka ji, sanyi ƙalau.

A tsakar gida nake yi, bakin kwalba a buɗe. Haidurojin in ya kai kashi 4 cikin ɗari a iska yana kamawa da wuta, nawa dai ɗan mitsitsi ne, lissafin awa guda bai kai mil 20 ba, amma rufe kwalba ana cikin aiki babu shi.

15 ga Fabrairu

Ba wuta tun jiya. Na gwada da batirin sola mai bolt 12, yana yi amma a hankali, sai an ba shi kusan ninkin lokaci. Na lura da wani farin abu ya fara kama bayan cokalin.

19 ga Fabrairu

Yau zoɓo ne ya ƙwace ranar. Na jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi ba suga ba citta ba komai, na tace, na jera kofunan gilashi na ɗiga musu daidai wa daida. Ruwan cikin tukunya ja jawur. Ruwan bohol ja mai ɗan duhu. Ruwan alkalin ya tafi wani launi tsakanin shuɗi da kore mai duhu, mara kyan gani. Maman yara ta leƙo tace ai wannan ba labari bane, kanwa ta taɓa zoɓo haka yake komawa. Kuma haka ne, launin zoɓo da kansa mitar pH ce, wanda bai da kuɗin mita zai iya farawa da shi, ba zai baka lamba ba amma zai nuna maka ɓangaren da kake. Kurkur ma yana yi, daga ɗorawa ya koma ja in alkalin ya yi ƙarfi.

Abun da yasa na daɗe a nan, a bidiyon da aka turo wa Kawu akwai inda mai tallan ya tsoma ganyen shayi na jaka a kofi biyu, na ruwan injin nan da nan yayi duhu, yace kun gani ƙwayoyin ruwan ƙanana ne sun fi shiga jiki. Na maimaita da nawa ruwan, tabbas yayi duhu. Sai na maimaita da ruwan bohol da na jefa wa ɗan gutsuren kanwa, shi ma yayi duhu har ya fi. Na matsa lemon tsami a duka biyun suka washe. Launin shayi na bin pH ne yadda na zoɓo ke bi, duk mai shan shayi da lemon tsami ya san yana washewa. Maganar ƙananan ƙwayoyin ruwa kuwa ba ta da tushe a kimiyya, ƙwayoyin ruwa kama juna suke suna saki cikin ɗan lokacin da ko ƙiftawar ido bai kusa ba, ba wani gungu da ke tsayawa balle inji ya yanka shi.

26 ga Fabrairu

Wannan shi ne gwajin da tun farko nake ɗokin yi, kuma shi ya fi komai faɗa min gaskiyar ruwan.

Na haɗa da fiya wata. Wutar da ke wucewa ƴar kaɗan ce sosai saboda ba gishiri a ciki, amma abun mamaki lamba ta fi saurin tashi, har ya haura 10. In lamba ake bi wannan ya fi na bohol kenan, shi za a sa a talla. To sai na matse lemon tsami a kofi guda na tace, na zuba a sirinji, na auna mil 250 na kowane ruwa, ina ɗigawa ina juyawa ina kallon mita har ta dawo 7.

Na fiya wata mai 10 da ɗoriya, ɗigo biyu ya faɗo, na uku ma ya wuce ƙasa. Na bohol mai 9.5 ya ci wajen ɗigo goma. Sai na narka rabin cokalin shayi na bakin soda a kofin ruwa, mita ta nuna 8.3 kacal, wato a lamba shi ne na baya, na fara ɗigawa yana kumfa yana kumfa, na wuce ɗigo ɗari bai iso 7 ba, lemon ya ƙare na haƙura.

Lambar pH tana faɗa maka yadda ruwan yake a wannan lokacin ne, ƙarfin da zai iya tare asid da shi kuma wani abu ne daban, yana zuwa daga gishirin bayikabonet, irin na bakin soda, da kabonet da ke narke a ciki. Ruwan da ba komai a cikinsa kamar buhun da ba kaya ne, iska kaɗan ta ɗaga shi sama iska kaɗan ta dawo da shi. Shi yasa wanda ya fi tsabta ya fi saurin kai 10 kuma ya fi saurin zubewa.

Yanzu a kawo ciki. Asid ɗin cikin mutum pH ɗinsa na tsakanin 1.5 zuwa 3.5, kuma ciki na zubo ruwan nan fiye da lita a yini. Kowace lamba guda a sikelin pH ninki goma ce. In na ɗauki asid mai pH 2, lissafina ya nuna bai kai cokalin shayi biyu ba zai kashe alkalin ɗin kofin fiya watan nan gaba ɗaya. Na bohol zai ɗan fi jurewa, shi ma ba nisa. Jini kuma maganarsa daban, jiki na riƙe shi tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ne ke wannan aikin dare da rana, in ya fita daga nan maganar gadon asibiti ake ba maganar ruwan sha ba. Duk mai cewa ruwa zai mayar maka da jini alkalin, da zai iya ɗin da cutar da kai zai yi.

Don adalci, akwai wani bincike na 2012 a Amurka da ya nuna ruwa mai pH 8.8 na kashe ƙarfin fefsin, sinadarin ciki da ke ƙona maƙogwaro in abinci na tasowa, amma a kwalbar lab aka yi ba a jikin mutane ba. Ta ɓangaren ciwon kansa kuma, a 2016 wasu masu bincike a Kanada sun tattara abun da aka rubuta suka fitar a mujallar BMJ Open, ba su samu hujjar cewa ruwan alkalin na hana ta ko warkar da ita ba.

2 ga Maris

Wani abokina malamin kimiyya a sakandare ya ara min mitar ORP, mai auna ko ruwa na ƙarfafa irin cin da oksijin ke yi wa abu (fulos) ko yana rage shi (mainos), ita ce wadda masu talla ke tsomawa lamba ta koma mainos su ce ga antioksidan, wato abun da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ruwan bohol haka nan fulos 200 da wani abu. Nawa yana fitowa daga kwalba mainos 300 da ɗoriya. Wallahi na ji daɗi da na gani, ko ba komai tukunyar ƙasa da cokali sun bada lambar da ake nunawa a bidiyo.

Abun da ke jan lambar ƙasa haidurojin ne da ya narke a ruwan, tare da shi kansa pH ɗin da ya tashi. Kuma in akwai wani abu a harkar nan da masana ke ɗauka da muhimmanci to haidurojin ɗin ne, tun bayan binciken da wasu ƴan Japan suka fitar a Nature Medicine a 2007 inda ɓeraye suka shaƙi iskar aka ga ta rage lalacewar ƙwaƙwalwa bayan toshewar jini. Ɓeraye, kuma shaƙa suka yi. Ruwa baya ɗaukar haidurojin da yawa, iyakarsa wajen miligiram 1.6 a lita, kuma baya zama.

Na raba ruwan uku: jug a buɗe, gorar roba a rufe, kwalbar gilashi cike taf da murfin ƙarfe. Zuwa dare na jug ya kusa sifili, da safe ya koma fulos, pH ɗinsa ma ya sauko wajen 8.5 saboda yana shan kabon dayoksaid daga iska. Na gorar roba ya fi shi jimawa amma shi ma ya tafi, haidurojin na ratsa roba. Na gilashi ne kawai ya kwana da mainos mai kyau. Kenan masu zuwa gidan mai inji da jarka suna saye su ajiye na sati, abun da suka biya kuɗi dominsa ya gudu tun a ranar farko ko ta biyu.

9 ga Maris

Ɓangaren ma'adinai. Wuta ba ta ƙirƙiro kalsiyom ko magniziyom, abun da ke cikin ruwan dama shi take turawa gefe guda. Farin abun nan da ke kama cokali na kankaro shi na ɗiga masa lemon tsami yayi kumfa, irin farin da ke kama gindin buta ne, wato kalsiyom ɗin ruwan ne ke fita yana manne wa ƙarfe in pH ya tashi. Injinan gaske ma na fama da shi, shi yasa suke juya wuta lokaci lokaci don su wanke farantansu.

Na gwada zuba ma'adinai da kaina. Na aro ƙaramin sikeli irin na masu zinare, na auna giram 3 na bakin soda a kwalba ɗaya, giram 2 na gishirin Epsom, wato gishirin magniziyom, daga kemis a wata, kowanne cikin ruwa mil 100, sai in ja mil 10 daga kowacce da sirinji in zuba a lita guda ta fiya wata. TDS ya tashi zuwa wajen 300, ɗanɗano ya yi ɗan nauyi irin na ruwan kwalba masu tsada. Ɓawon ƙwai da ake ta faɗa na daka shi lukui na zuba, ya kwanta a ƙasa abunsa, mita ko gezau, baya narkewa a ruwa sai da asid. In na zuba Epsom kafin in kunna wuta, pH na kusantar 10 ruwa sai ya fara yin hazo fari, magniziyom ɗin ke fita. Don haka ma'adinai a bayan wuta ake zuba su ba a gaba ba.

Gishirin girki kuma na gwada ɗan yatsa biyu a cikin tukunya, a waje, ina tsaye ta inda iska ke fitowa. Wuta ta yi tsalle, minti kaɗan warin bilic ya taso. Kulorin ne. Wannan ruwan asid mai kulorin shi ne a Japan suka amince da shi a 2002 don wanke kayan abinci, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma na wanki ne ba na sha ba, kuma a ɗaki rufe ba a yin sa. Ni a ganina ma wannan ɓangaren da ake zubarwa a lambatu ya fi wanda ake sha hujja mai ƙarfi.

16 ga Maris

Na samo sandar gawayi mai tsabta irin ta lab ɗin makarantu, na sake sabuwar tukunya na dafa ta, sai yau aka yi ɗanɗano. Ƙanwata ce ta zuba a kofuna ta rubuta lamba a ƙasansu ta ɓoye takardar, ni ma ban ga zubin ba. Fiya wata haka nan, fiya wata da aka sa wa wuta, mai ma'adinan da na haɗa, da mai ɗan gutsuren kanwa. Duk an sa su a randa ɗaya sun yi sanyi iri ɗaya, don da zafin nan da aka fara duk wanda ya fi sanyi shi zai ci.

Mai kanwa kowa ya gane shi tun kurɓar farko. Mai ma'adinai yawanci sun ce ya fi daɗi, Yaya yace shi ɗaci ɗaci yake ji. Tsakanin na wuta da wanda ba a taɓa ba kuwa canka kawai aka yi ta yi, maman yara ta rantse na uku ne mai santsi a harshe, aka buɗe takarda ashe fiya wata ne tsura. Santsin na gaske ne in pH ya haura 10, na ji shi a yatsa, amma a 9 ba mai rabewa.

24 ga Maris

Na je wajen Kawu da kwalba da tukunya da zoɓo da sirinji, na yi masa komai a gabansa a zaure. Da ya ga ɗigo biyu sun mayar da ruwan sai yace sake, na sake. Yace to amma wanda ya kawo tallan ya rantse cikinsa ya lafa tunda ya fara sha. Nace Kawu ba na ƙaryata shi, mutumin da aka ce ya sha lita uku a yini ya bar lemon kwalba dole ya ji canji, kuma injin akwai filta a ciki mai cire wari da kulorin, sai dai filta ana samunta ba da miliyoyi ba.

Abun da na fi matsa masa a kai shi ne gwajin H. pylori, wata ƙwayar cuta da ke zama a cikin mutum. Yawancin olsa wannan ƙwayar ce ke kawo ta, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, likitoci biyu ƴan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, da wannan binciken suka ci kyautar Nobel a 2005, kuma ana kashe ta da haɗin magani na kamar sati biyu in likita ya rubuta. Ya amince ranar Litinin ɗansa zai kai shi. Na kuma roƙe shi kar ya ji na yabi ƙarfin bakin soda ya koma shanta ko jiƙon kanwa kullum, duka biyun sodiyom ne, shi kuma yana da hawan jini.

Saura aiki biyu. Na yi odar ƴar ragar titaniyom mai filatinom don in maye gurbin gawayin, yana zubar da baƙin gari a tukunya kuma yana sirancewa. Sannan ina neman ƴan kwalaben gwajin ƙwayar cuta ɗin nan da ke komawa baƙi in ruwa ya gurɓata, in zuba ruwan rijiyar maƙwabta kashi uku, ɗaya haka nan, ɗaya daga ɓangaren alkalin, ɗaya a haɗa shi da ruwan tukunya mai kulorin. Malamin kimiyya yace in kawo mitar ORP kafin a koma hutu, don haka awon raga sai ya rigaya na kwalaben.